An Kira Ta Dokta Tun Jami'a Ba Ta Kira Ta Ba

Jiya a kasuwar Kafanchan wata mai tumatir ta ɗaga murya, "Dokta! Dokta!" Rifkatu, 'yar yayata, ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri kamar ba da ita ake ba.

Yarinyar ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau. Uwarta ta fita godiya a coci, matan zumunta suka raka ta da rawa har gaban bagade. Tun ranar sunan ya bi ta. Amma likitanci ta nema a babbar jami'a, inda masu irin makinta sun fi guraben yawa, kuma har yau shiru.

Na ce, "Ana gaishe ki, kin yi banza da mutane?"

Ta ce, "Anti, in ba su ɗauke ni ba, da wane suna zan shiga coci?"

Na ce, "Da wanda aka yi miki baftisma da shi mana." Ta yi murmushin yaƙe.

Iyaye, ku faɗa mini gaskiya: wannan murnar da muke yi da wuri, ƙarfi take ba yaranmu ko kaya muke ɗora musu a ka?