Baba Direba Bai Sha Mai Ba

Kafin masu shara su gama da barandar ƙaramin asibitin nan, Baba Direba ya riga ya iso. Zai jingine kekensa a jikin tankin ruwa, ya zagaya motar ɗaukar marasa lafiya yana ɗan harbin tayoyinta da ƙafa. Sai ya janye guntun katakon da ya tokare ƙafar baya da shi, ya tada inji, ya fita da ita a hankali. Ba nisa yake zuwa ba. Ya bi bayan katanga, ya ɓulla ta wajen masu faci, ya dawo, yana tafe yana taka birki yana saki. In ya zo ajiye ta kuma ba ya jan birkin hannu. Giya yake sa mata, ya mayar da katakonsa. Haka yake yi tun gashin kansa yana baƙi, ko da mara lafiya ko babu.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. An ce za a yi masa ɗan taro, a sha lemo, a tafa. To, kafin a tafa, akwai maganar da aka daɗe ana takawa ana wucewa, yau kuwa sai an faɗe ta, wanda zai ji haushi ya ji.

Wannan zagayen na safe shi ya ja masa sunan da ya bi shi har ƙofar gidansa: Sha-Mai. Masu zaman benci a bakin asibiti ne suka fara. Wai me tsoho yake yi da motar hukuma kullum sassafe ba kowa a ciki? Wani ya ce kabu-kabu yake yi. Wani ya rantse ya gan shi da tiyo da jarka, alhali mai rantsuwar bai taɓa tashi daga barci kafin hantsi ba. Mutumin da keke yake hawa, keken ma kujerarsa da tsumma aka ɗaure, shi ne ɓarawon fetur. Jikarsa ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka, ta ce masa, "Kaka, wai da gaske mai kake sha?" Ya yi dariya don ta yi shiru, amma matarsa ta ce ranar bai iya cin abinci ba.

Babbar ungozomar asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ita kaɗai ta taɓa tambayarsa dalili maimakon ta tambayi 'yan benci.

"Sista, ƙarfe da ruwa ba sa shiri," ya ce mata. "In ƙafar baya ta jiƙe, aka ja birkin hannu aka bar mota tsaye, tsatsa ce za ta manne fatar birki da ƙarfen ƙafa. Ran da kike neman ta, ranar za ta ƙi motsi. Ni kuwa motata ba a neman ta sai rai na hannun Allah."

Da aka kawo sabon manaja, gulma ta riga Baba shiga ofis. Aka kira shi, aka ce ya ajiye makulli a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, damina ce," in ji Baba. "Ko sau ɗaya a mako a bar ni in motsa ta."

"Ka motsa ta ko ka motsa tankinta?" Manaja ya ce, 'yan ofis suka kwashe da dariya.

Aka mayar da shi zaman bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci sanda. Ita kuwa motar aka kai ta ƙarƙashin bishiya inda baƙi za su riƙa ganin ta, aka ja mata birkin hannu har maƙura, aka jefar da katakon wai yana ɓata tsari. Kullum a sa tiyo a wanke ta har ƙarƙashi, ta yi ta ƙyalli. Sama ruwa, ƙasa ruwa. A bangon da ke fuskantarta kuwa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa rigakafi ya fi magani. Baba yana wucewa ya kalle ta ya girgiza kai, 'yan benci su ce kewar jarka ce ke damunsa.

Wata Talata da azahar, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kawo matar wani tela tana naƙuda, jini ya ɓalle. Sista ta duba ta ce wannan sai babban asibiti, yanzu-yanzu. Mijin ya ruga bakin titi bai samu ko mota ɗaya ba. Aka sa matar a motar asibiti da ledar ƙarin ruwa a hannunta, manaja ya miƙa makulli ga direbansa. Inji ya tashi lafiya lau. Aka sauke birkin hannu, aka sa giya, mota ta yi nishi ta tsaya cak. Direban ya yi ta taka totur har ƙaurin kuloci ya cika wurin, ƙafafun baya ko gezau.

Ba wanda ya kira Baba. Ƙarar injin ya ji daga bakin ƙofa ya gane, ya yar da sanda ya taho da gudu, da guduma da jak da ya fizgo a rumfar masu faci.

"Kashe ta, ɗana, za ka ƙone kuloci mu rasa duka."

Ya kwanta cikin taɓo da fararen kayansa, ya shiga bugun ƙarfen ƙafar ta ciki. Ta dama ta saki da wata ƙara. Ta hagu ta ƙi, sai da ya ɗaga motar ya kwance taya. Ƙasa ta jiƙe, jak ya zame, ƙarfe ya danne masa yatsu biyu. Sista ta ce ta ga jini na bin ruwan sama, ta ce masa, "Baba, hannunka." Ya ce, "Bar hannu, Sista, koma wajen yarinyar nan." Ya ci gaba da bugu da hagu har ta saki, ya mayar da taya, ya shiga ya ja motar da hannu ɗaya.

Matar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Likitan can ya ce da an iso da wuri, da wataƙila.

Kai ne, Baba, ka faɗa tun ba a zo ga haka ba. Kai ne aka ƙwace wa makulli, kuma kai ne ka kwanta a taɓo ka gyara ɓarnar da ba kai ka yi ba. Namijin duniya, mai aikin da ba a gani sai ranar da aka hana ka yi.

Mai karatu zai zaci washegari an kira shi an ba shi haƙuri. Ina! Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. A taron ma'aikata cewa aka yi tsohon direba ya bar mota ta lalace a hannunsa shekara da shekaru. Aka mayar masa da makulli a ɓoye, ba sanarwa, ba sannu da hannu. 'Yan benci suka ƙara gishiri, wai da bai saba tatsar motar ba da ba ta mutu ba. Telan nan, bawan Allah, ya ji ya yarda, ya daina amsa gaisuwar Baba. Wannan ita ce ta fi yi masa ciwo, fiye da yatsun da har yau ba sa lanƙwasuwa. Sista ta ce masa ya tashi ya yi magana. Ya ce, "Mutum ya binne ɗansa, in je in ce masa ba laifina ba ne? Bar shi ya samu inda zai ajiye zafin."

Ya koma zagayensa na safe. Matan da motar nan ta kai babban asibiti a kan lokaci tun daga ranar, ba su san akwai wani abu wai shi birki ya cije ba, kuma ba za su taɓa sani ba.

A makon jiya matar telan ta zo awo. Ta hango Baba yana goge gilashi, ta bar layi ta je ta durƙusa a gabansa, a gaban 'yan benci, mijinta na tsaye riƙe da jakarta.

"Baba, ni ce a kwance a cikin motar ranar. Duk bugun da ka yi a bayana na ji shi. Kuma ina jin ka, kowane bugu sai ka ce, yi haƙuri 'yata. Na faɗa a gida an ce zafin ciwo ne ya sa nake jiye-jiye. Ba jiye-jiye ba ne."

Telan ya daɗe yana kallon yatsun nan biyu. Sannan ya ajiye jakar a ƙasa, ya kama hannun da hannuwansa biyu.

Mun gode, Baba Direba. Allah ya saka maka, ya sa hutun nan ya zame maka hutu na gaske. Ku kuma da aka damƙa wa wani abu da ran mutane ya rataya a kai, mota ce, injin wuta ne, famfo ne, ku duba shi tun ranar da ba a neman shi, ko da za a yi muku suna.

Saura masu sunan. Lemo da tafi ba sa wanke ƙazafi. Baba yana nan da ransa, kunnensa garau yake, kuma duk wanda ya taɓa kiransa Sha-Mai ya san hanyar gidansa.