Mutum Uku Kafin a Faɗi Farashi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Habu, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mini shagonsa na injinan niƙa da na ban ruwa a Gumel, da amanar kada in bari ya mutu.

Yaya ba ya faɗin farashi a zuwan farko. Idan ƙungiya ta nemi inji, sai ya san mutum uku. Na ɗaya, mai sa hannu. Na biyu, wanda mai sa hannun ke jin maganarsa. Na uku, wanda injin zai taɓa aikinsa. Na taɓa raka shi wani ƙauye a ƙasar Gagarawa har sau uku, ba abin da muke yi sai gaisuwa da shan fura. A hanyar dawowa na ce, "Yaya, man babur kawai muke ƙonawa." Ya ce, "Sani, kai shugaba ka gani. Ni matar da ta kawo furar na gani. Sau biyu yana dubanta kafin ya amsa mini."

Yau ciniki ya koma cikin waya. Da yana raye, na san ba zai yarda a daddale da mutumin da ba a zauna a tabarmarsa ba.

Bara kasuwa ta yi sanyi har na fara tunanin rufe shagon. Sai wasu makiyaya daga wajen Sule Tankarkar suka nemi famfo mai aiki da hasken rana. Na tura wa shugabansu hotuna, ya ce ya yi, na ɗauka an gama. Sati uku shiru.

Sannan na tashi na je. Ashe akwai Baffa Ori, dattijon da ke tsara shayar da shanu a rijiyarsu, kuma ba wanda ya shawarce shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, injin naka ya san garken wa ya fara zuwa?" Na ce, "Bai sani ba, Baffa, sai kai." Muka tsayar cewa makullin famfon zai zauna a hannunsa.

Sun saya, shago kuma yana buɗe har yau. Ranar da ruwa ya fara zuba, Baffa ya tambaye ni wa ya koya mini neman dattijo. Na faɗi sunan Yaya. Bai taɓa saninsa ba, amma ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, makiyayan suka shafa.