Sifirin da Na Sauya a Gwangwanin Yaya

Ni ne na yi laifi. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya wahalar da kansa yana neman mugu a cikin labarin nan. Ni ne, bakanike mai gyaran keke mai ƙafa uku a Gwadangaji, wanda ya gama firamare da ƙyar, amma mutane suka yi ta ce masa Injiniya har ya yarda.

Yayana manomin shinkafa ne a fadamar Zauro. Yana da wata ƴar guntuwar bindigar toka da ya gada wajen mahaifinmu, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Ban taɓa ganin ta kashe ko ƙadangare ba. Albarushi kawai yake ɗura mata, ya ɗaga ta sama ya saki. Aikinta ƙara. Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar nono, lokacin ne jan-baki ke zuwa, sama ta yi duhu kamar hadari ya taso. Ihu da majajjawa da gwangwanayen da ake ratayawa a igiya, yini ɗaya tsuntsayen nan ke sabawa da su. Ƙarar bindigar ce kaɗai ke tayar da su har su ƙetare gulbi. Kwana goma na wannan gadi su ne abincin gidan Yaya na shekara.

Bindigar tana da gwangwaninta, wani tsohon gwangwanin madara da rubutun jikinsa ya goge. A ciki akwai sifirin, ƙarfen nan da ke sa kunamar bindiga bugawa, da ita kunamar, da ƴan kusoshi, kowane an naɗe shi a tsumma an ɗaure da zare. Ba ya kwance su, wai iska ce ke kawo tsatsa. Duk Juma'a in ya sauko masallaci sai ya buɗe murfin, ya ɗiga wa kowane ƙulli man gyaɗa, ya rufe.

Ni kuwa in na tarar da shi sai in ce, "Yaya, yau ma ana shafa wa jarirai mai?"

"Awo, Injiniya," in ji shi. "Su ba su da baki, shi ya sa nika son su."

Ya sha yi mini bayani. Wani tsohon maƙeri ne a Argungu, abokin mahaifinmu, ke ƙera kayan da hannu. Duk abin da zai yi wa bindigar, biyu yake yi, ya gwada kowane a jikinta, ya goga da magagari har ya zauna. Ɗaya ya shiga aiki, ɗan'uwansa ya shiga gwangwani. Na bindigar wani ba ya shiga taka, naka ba ya shiga ta wani. Ni da nake cire kayan wannan keke in ɗaura wa wancan su zauna daram, sai na ɗauki maganar a matsayin labarin ƙauye. Ƙarfe ai ƙarfe ne. Wa ya fi ni sanin ƙarfe?

Da daminar bara waccan ruwa ya yi ambaliya, ya shiga gidajen gefen fadama. Yaya ya kwaso iyalinsa da kayansa ya kawo gidana. Da ruwa ya janye suka koma gyaran katanga, ya bar wasu kaya a ɗakin ajiyata, har da gwangwanin. Ya ce, "Wanga amana ne. Ka ɗiga masu mai ran Juma'a, kak ka kwance."

Ranar Asabar na kwance.

Sifirin ɗin wani siririn ƙarfe ne a tanƙware, baƙi, babu wani kyau a jikinsa. Na yi dariya na jefa shi a aljihu don in nuna wa abokan aiki abin da yayana ke wa hidima. A ranar wani direba ya kawo keke, murfin injinsa na buɗewa da kansa a kan hanya. Na rasa abin da zan maƙale sakatar da shi, na laluba aljihu, na gwada sifirin Yaya. Ya zauna kamar don shi aka yi. Direban ya ce lallai ni Injiniya ne, na ce ai baiwa ce. Ya tayar da kekensa ya nufi hanyar Jega, ban sake ganinsa ba har yau.

Ban damu ba ko kaɗan. Na yanko wani sili daga tarkacen shagona, na goge, na tanƙwara shi yadda na tuna, na tsoma a baƙin man inji ya yi duhu. Na naɗe a tsumman, na ɗaure zaren irin ɗaurin Yaya. Har na ji tausayin tsohon Argungu: aikin da yake kwanaki a kai, ni na gama kafin shayina ya huce. Da aka gama gyaran katanga Yaya ya zo ya kwashe kayansa, har da gwangwanin.

Aka yi noman rani, shinkafa ta yi kyau irin wanda ke sa maƙwabta tsayawa su ce ma sha Allah da rabin baki. Wata Lahadi na hau babur na je Zauro, wai ziyara, gaskiyar kuwa albasa na je kwasa. Na tarar jan-baki sun kwana biyu da sauka. Yaya na tsaye a kan kunya, matarsa na can gefe tana jan igiyar gwangwanaye. Da hantsi ya ja kunama, sai muka ji ƙas. Sifirin da ya shekara takwas yana aiki ya karye.

Ko a jikinsa. Murmushi ma ya yi, ya zauna a gindin bishiya ya jawo gwangwani.

"To Injiniya, zaka ka ga amfanin jarirai."

Na matso. Allah ya sani, har a lokacin jira nake aikina ya burge.

Ya kwance zaren, ya ɗan tsaya yana kallon abin, sannan ya gwada. Bai shiga ba sai da ya danna da ƙarfi. Ya ɗaure kusoshi, ya miƙe, ya ɗaga bindiga. Kunamar ta sauka a hankali, kamar tsoho yana gyangyaɗi bayan azahar. Ya sake ja. Wannan karon ko saukar ba ta yi ba. Da ya buɗe, ƙarfena ya baje ya kwanta, ya ƙi tashi.

Matarsa ta ƙwalo daga nesa, "Malam, mi kaka jira? Ga su nan sun sauka!"

A nan ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa. Na ce, "Kai, ƙarfen zamanin nan ba shi da albarka."

"Ba na zamani ba ne," in ji Yaya. "Tsohon nan ya cuce ni. Tada babur."

Muka bar matarsa da maƙwabta biyu suna ihu, muka kama hanyar Argungu. Tun daga Zauro har muka isa yana bayana yana faɗa. Yana ambatar shekarun da ya yi yana kai wa maƙerin shinkafar Sallah, ni ina gaba ina cewa, "Mutane kenan, Yaya."

Mun sami tsohon a rumfarsa yana gyaran ƙugiyoyin masunta, mutum huɗu na zaune suna jira. Yaya da bai taɓa shiga wurin da takalmi ba, ranar ko gaisuwa bai gama ba ya jefa ƙarfen a gabansa.

"Baba, wanga ne amanar da ke tsakaninka da mahaifina? Gwangwanin kifi kab ba ni ina ta shafa wa mai?"

Tsohon ya ɗauki ƙarfen ya juya, ya sake shi a kan uwar maƙera ya saurara. Ya ɗauka ya kai hanci.

"Ɗan abokina, wanga ba ɗana ba ne. Nawa in ya faɗi kuka yakai. Wanga tari yay yi."

"Tsufa ne ya kama ka, Baba. Wa zai shiga gwangwanina?"

"Kai da man gyaɗa kaka aiki. Wanga warin man inji garai."

Sai ya ɗago. Bai dubi fuskata ba, hannuwana ya duba, da baƙin da ke ƙarƙashin farcena. Na tura su aljihu kamar mai jin sanyi, ana tsakiyar zafin bazara.

"Injiniya, ko kai ka san irin wanga ƙarfe?"

"Ban taɓa ganin irinsa ba, Baba."

"To," in ji shi. "Allah ya sa ka gani."

Iyakar abin da ya faɗa kenan. Ya bar Yaya ya gama zazzaga masa a gaban mutane, sannan ya ce a bar bindigar, kwana uku. Sai ya nemo ƙarfen da ya dace, ya ƙera, ya ba shi wuta da mai, ya gwada. Yaya ya ce masa ya yi guda ɗaya kawai a yi sauri. Tsohon ya ce mahaifinmu bai taɓa fita rumfar nan da guda ɗaya ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Kwana ukun nan na rufe shago na tare a gona, kowa na yaba zumuncina. Na kawo hon na keke da batir, na ɗaure a sanda, na ce wannan ita ce dabarar zamani. Rana ta farko tsuntsayen suka tashi. Rana ta biyu suka ɗan matsa. Rana ta uku na ga guda biyu a kan hon ɗin suna hutawa. Muka yi ihu har muryoyinmu suka dushe, matar Yaya ta ja igiya har tafin hannunta ya fashe. Da bindigar ta dawo ta yi ƙararta, tsuntsaye suka ƙetare gulbi, amma sun riga sun sha abin da za su sha. Kawunan shinkafa suka tsaya fari fat, in ka murza ba komai sai ƙaiƙayi. Abin da aka saba kwasowa a sawu da yawa, sawu ɗaya ya ɗauke shi.

Na yi shiru wata huɗu. Yaya ya daina zuwa Argungu, yana faɗa a majalisa cewa maƙerin ya lalace, zai koma wajen wani a Gulma. Ni kuma na ci gaba da amsa Injiniya, har da ɗaga hannu.

Abin da ya karya ni buhu ne. Duk shekara Yaya kan aiko wa gidana shinkafa. Na ɗauka bana babu. Sai ga shi da kansa da rabin buhu a bayan keke, yana sunkuyar da kai.

"Ƙanena, ka yi haƙuri da wanga kaɗan. Ka ga yadda aka yi muna. Kai ma ka sha wahala, ka rufe shagonka saboda ni."

Maiɗakina ta dafa da yamma, na ture kwanon gefe. Na gaya mata komai. Ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Ashe da ɓarawon amana nake zaune. Ni kake gaya wa? Gonata aka ci?"

Ranar Juma'a na tarar da shi yana ɗiga wa ƙullinsa mai. Na roƙe shi ya raka ni Argungu. Da ya ga inda na tsayar da babur ya ƙi sauka, sai da na riƙe masa hannu. Tsohon na zaune inda muka bar shi. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, ka daɗe a hanya."

Na cire takalmi, na cire hula, na durƙusa a cikin tokar rumfar a tsakaninsu.

Na ce, "Yaya, ƙarfen nan ni na yi shi. Ka ce kada in kwance, na kwance. Na ɗauki sifirin da Baba ya ƙera na maƙala a keken wani, na sa maka tarkace na ɗaure da zarenka. Ina tsaye tsuntsaye suka cinye abincin gidanka, na yi shiru. Na ɗauko ka a babur ka zo ka ci mutuncin abokin mahaifinmu, ina ba ka gaskiya. Baba, ka tambaye ni a gaban mutane na yi maka ƙarya, kai kuma ka rufa mini asiri. Ba ni da shinkafar da zan mayar, amma rani mai zuwa ni ne ɗan ƙodagon gonar nan daga shuka har yanka. Kada wanda ya sake ce mini Injiniya. Na cuce ku, ku duka biyu. Don Allah ku yafe mini."