Rashin Barcin Mai Ɗakina, da Yadda Unguwa Ta Maishe Ta Mai Gadi

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Tun kakar bara ba ku ji ni ba. Wasu sun ce fushi nike. Fushin akwai shi, amma jinya ce ta ɓoye ni. Ban yi boko ba, faɗi nike ana rubutawa, kuma na ce kar a gyara mini magana.

Mai ɗakina ce ba lafiya, wadda unguwa ke kira Inna Kulu.

Abin ya faro bayan ta bar ganin al'ada. Ba maganar da dattijo ke so ya yi cikin mutane ba ce, amma za ni yi ta. Zafi ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa zane ko cikin sanyi. Ta kwanta bayan isha'i, kafin a jima ta farka, shi ke nan har kiran assalatu.

Da nif faɗa wa ƙanena Nomau, dariya ya yi. Wai wa ke barci tsakanin Isa da Sabon Birni yanzu? Kowa kunnensa na daji.

Sau ɗaya ta ji ƙarar babura daga nesa, ta tada mu, munka tada maƙwabta. Allah Ya tsare, 'yan bindigar ba mu sunka nufa ba. To daga ranan nan anka ba ta sarauta. Mata su biyo da marece su ce Inna, mun bar miki amana. Maza majiya ƙarfi su saki jiki su yi minshari, tunda Inna Kulu na ido biyu. Matar Nomau har goro take kawo mata, wai don ido ya ƙara buɗewa.

Ita kuwa ta ɗauki abin da gaske. Ko barcin ya zo, korarsa take, kar a shigo gari ta zama sanadi.

Ta rame. Ta zuba gishiri sau biyu ga miya. Ta yi wa jika tsawa kan abin da bai kai ba, ta koma ta zauna tana kuka. Matar da ke surfa gero tana ba'a da kowa, ta koma ba ta son a yi mata magana. Na karɓo rubutu, na sawo saiwa ranar kasuwa, ba abin da ya sake.

Ran nan da hantsi tana dama kunu, gyangyaɗi ya ɗebe ta, ta kife wajen murhu. Hannunta na dama ya ƙone har gwiwa.

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Mun tsufa tare, ban san yadda ake zama gidan nan ba ita.

Ɗiyarmu Hadiza da ke aure garin Isa ita taz zo tat tafi da mu asibiti. Anka wanke ƙuna, anka naɗe. Anka auna jini, anka auna suga, anka ɗaura mata abin nan mai matse dantse. Suga lafiya, jini ya hau. Tunkiya na sayar kafin mu gama da magani da mota.

Likitar mace ce, ba ta yi gaugawa ba. Ta tambayi zafin, ta tambayi zufar, tac ce mata da yawa na shiga haka bayan al'ada ta ɗauke, ba aljani ba ne, ba kuma hauka ba. Sannan tac ce, "Inna, in kin farka mi kike yi?"

Tac ce, "Saurare nike, ɗiyata. Mutane sun dogara gare ni."

Likita ta dube ni. Nic ce ni ma ina faɗa wa mutanen unguwa su bar ɗora mata gadi, ba a ji.

Ta ba da maganin hawan jini. Ta hana goro da shayi daga la'asar. A kwanta lokaci guda kullum, zane marar nauyi, ruwa kusa. In barcin rana za a yi, ya zama kaɗan. Sai tac ce mini, "Baba, magani ba ya aiki ga wanda aka ɗora wa gadin gari. Ka sauke mata."

Da munka dawo, bayan sallar la'asar na tsaya ƙofar masallaci na faɗa wa maza su raba kwanan gadi tsakaninsu, ni ma a sa ni. Nomau yac ce ai ba wanda ya tilasta ta, taimako ne take. Nic ce, "Zo ka ga hannun mai taimako." Har yau bai zo ba. Ina sane.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Da farko ta kan tashi ta tambaye ni wa ke waje, in faɗa mata suna, ta koma. Sannu a hankali ta bar tambaya. Zafin na zuwa jefi-jefi, amma tana komawa barci. Hannu ya warke, tabo ya rage. Jiya har ta yi mini ba'a kan haƙorana.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hadiza da mijinta, da likitar nan, da mazan da sunka karɓi gadi ba gardama. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya.

Maza, in matarka ta manyanta barci ya ƙaurace mata, kar ka ce tsufa ne ko tsoron daji. Tambaye ta, ko da kunya. Kai ta a auna jininta. Kar ka saya mata ƙwayar barci ga mai talla. Mata, ku faɗa wa ɗiyanku mata abin da kuke ji, su sun san hanyar asibiti.

Mutanen unguwarmu kuma, yanzu in Inna Kulu ta yi sallar asuba komawa take ta kwanta. Ina zaune bakin zaure. Mai son gaishe ta ya zo da hantsi.