Zaren da Ya Tsinke a Ajiwa

Jiya ɗana ya shigo da zaren fatsa da ya saya ta waya, irin mai arahar nan da ake kitsawa kamar gashi. Ya ce in riƙe masa ya naɗe a injin sandarsa. Ko da muka gama, yatsuna sun yi kore shar. Na daɗe ina kallonsu, har yaron ya tambaya ko lafiya. Lafiya lau, tunawa kawai na yi.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, mahaifina ya dawo gidanmu na Ƙofar Kwaya daga aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa ta bakin teku. Gari ya cika da fastocin 'yan takara da surutun siyasa, kowa ya sami bakin magana, shi kaɗai ya yi shiru. Ya ajiye kaki, ya shige ɗaki. Tuwo ya shiga ya fito yadda aka kai shi. Dama can ba ya kiran sunana: ni ce 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kunya biyu ke nan. "Ke" yake ce mini. Amma da ya dawo har "ke" ɗin na rasa, na kuwa yi kewarta.

Kakata, takwarata, ba mai zuba ido ba ce. Ita ta binciko sandar fatsa mai injin naɗi a ƙasan akwatinsa, zaren jikinta duk ya ruɓe. Ta aika kasuwa, aka kawo mata wani kore mai kitso, wanda ko mai shagon bai yabe shi ba. Ta zura ƙullin zaren a mazarinta na kaɗi, ta damƙa mini, sannan ta tsaya bakin ƙofarsa.

"Taso ka naɗe abinka," in ji ta. "Ɗiyar mutane ta gaji da riƙo."

Abin mamaki, ya fito. Ya fara ɗaura guntun tsohon zaren lilo a jikin injin, don shi mai kitson santsi gare shi, in ba haka ba sai ya yi ta zamewa a cikin injin. Ya jiƙa tsumma ya ba ni in matse zaren, shi yana juyawa. Da hannu kawai yake nuna mini in ƙara matsewa. Ranar na fara ganin koren nan a yatsuna, na ƙi wankewa har dare.

Da damina ta ja baya, sai ya fara zuwa dam ɗin Ajiwa, can bayan Batagarawa. Duk ranar da ya fito da babur, Kaka ta riga ta ɗaura mini ɗankwali. Takan raɗa mini a kunne: "Inda ya zamna, ki zamna. Kada ki bar shi shi ɗaya bakin ruwa." Sai da na girma na gane abin da take tsoro. Tsoro take wata rana ya shiga ruwan nan ya ƙi fitowa.

Har yau ina jin warin taɓon wurin, da ƙamshin geron da ya nuna a gonakin hanya, da kukan shanun Fulani in sun gangaro shan ruwa. Zaren kuwa, Allah ya yi shi da fitina. Iska kaɗan ya harɗe, launinsa ya koɗe tun ba a je ko'ina ba, ga ɓurɓushi kamar tsohon zani. Warware harɗin aikina ne, tunda yatsuna ƙanana ne. Mukan wuni a haka, shi yana kallon ruwa, ni ina kallonsa.

Wata la'asar zaren ya harɗe alhali ƙugiya tana cikin ruwa. Don kada ya kuɓuce mini, na naɗa shi a ɗan yatsana ina tsince ƙullin. Sai wata ƙatuwar tarwaɗa ta haɗiye tanar da ke jikin ƙugiyar, ta fizga. Zaren ya shige nama kamar reza, ya ja ni har gwiwoyina suka taɓa ruwa. A nan na ji an kira sunana, cikakkensa, da wata murya da na manta yana da ita. Ya yar da sandar, ya rungumo ni ta baya, zaren ya tsinke.

Ya ɗaure mini yatsan da hankicinsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da a ce irin zaren da ya gani a bakin teku ne, mai tsadar, da kifin ya tafi da yatsan. Daga nan bakinsa ya buɗe. A kan babur har gida yana magana, a kan teku, da jiragen ruwa, da wani abokinsa da bai dawo ba. Rabi iska ta kwashe, amma ban ce ya maimaita ba.

Na ba Kaka labari kafin in cire takalmi. Ta duba yatsan, ta dube shi.

"To, ni ka kira ko ita?" ta tambaya. "Don ni ina nan zamne na ji kunnena na ƙaiƙayi."

Ya sunkuyar da kai, ya yi dariya. Daren nan ya cinye tuwonsa tas.

Bai warke rana ɗaya ba, amma daga ranar Kaka ta daina raɗa mini a kunne. Ya rayu har ya ga jikokinsa. Yanzu zamani ya canza, maigidana yakan kira ɗanmu na fari da sunansa daga safe har dare, wani lokaci don ya miƙo masa caja kawai, ba wanda ke jin komai. Ban ce laifi ba ne. Ɗana yana ta mitar zaren nan ba shi da ƙwari, ni kuwa na shafa tabon yatsana na yi wa wanda ya ƙera shi addu'a a zuci. Mahaifina ya koma ce mini "ke" har Allah ya karɓi ransa. Sau ɗaya tak ya kira sunana, kuma ya ishe ni.