Dogo Magini da Sunan da Ya Ɓace Masa

Allah Ya jiƙan Dogo magini. Shekara arba'in ya yi yana gyaran tsohon masallaci da ganuwar gari, har tafin hannunsa ya koma kamar busasshen yumɓu. Bai yi nisa a karatu ba, amma babu lungun ginin nan da bai san sunansa ba. In ya isa gaban bango, sai ya shafa shi tukuna, kamar mai gaida dattijo.

Da tsufa ya kama shi, sunaye suka fara zube masa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi ciwon ƙafa tsorata shi, don maginan yanzu komai "wancan abin" suke ce masa. Sai ya sa 'yarsa, malamar makaranta, ta riƙa kai shi masallacin da hantsi, yana faɗa tana rubutawa.

"Wannan ginshiƙi. Wanda ya lanƙwaso a kansa, bakan gizo. Itacen rufin nan kuwa, azara."

"Baba, a hankali mana, hannuna ba inji ba ne."

"Au, duk bokon naki, ni zan jira ki?"

Haske kan sauko ta 'yan tagogin sama ya kwanta a kan tabarmi. Wani lokaci sai ya riƙa hango maigidansa da ya rasu tuntuni a kan tsani, laka har gwiwar hannu, yana yafito shi.

Ranar da suka zagaya waje, ya nuna ƙahonnin da ke kusurwar rufi, ya ce zanko. Sannan ya nuna abin da ya leƙo daga saman bango, wanda ruwan rufi ke bi ya zubo. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Shi da ya kafa shi da hannunsa!

'Yar ta san sunan, kowa ma ya sani. Ta motsa leɓe.

"Kul! Kar ki faɗa. In kika ba ni, ya tashi daga nawa."

Ya ƙi tafiya gida. Ya zauna a gindin bango, hadari ya haɗo, ta lulluɓa masa mayafinta. Ruwa ya sauko, ya taru a rufi, ya fara kwararowa gabansa. Dogo ya rufe ido yana saurare, ya daɗe, sannan fuskarsa ta saki.

"Indararo," ya ce a hankali, kamar mai kiran tsohon aboki. "Rubuta, uwata."

Ta rubuta, takardar na jiƙewa. Bayan kwana tara muka kai shi makwancinsa.