Dalma a Cikin Alayyahu

Lokacin da muke zaune a Malali, wajen ƙarshen shekarun tamanin, a lambun wani dattijo Bakatsine nake sayen alayyahu. Yana ban ruwa ne daga wata kwata da ta ratso bayan masu fasa tsofaffin baturan mota.

Maigidana malamin gona ne. Wata rana ya ɗebi ganyen ya kai Zariya aka auna, ya dawo da sakamako. Akwai dalma a ciki, irin wadda ke taruwa a jinin yara.

Tare muka je wurin dattijon. Maigidana ya gaya masa, ya ƙara da cewa akwai wasu ƙwayoyin halitta a ƙasa, ido ba ya ganinsu, da ke riƙe dalma su hana saiwa shanta.

Dattijon ya ce, "To, Malam, a ina ake samunsu?"

"Baba, ni ma karantawa na yi, ba mu da su a ofis. Ka dai ƙara takin shanu, ko zai rage."

"Ruwan fa?"

Kogi dai ya yi nisa, dattijon kuma ba shi da injin ban ruwa.

Na daina saye. Amma duk sanda na je kasuwar Kawo sai in ga alayyahunsa kore shar, mata suna ɗauka. Ban taɓa iya buɗe baki ba, don da lambun nan yake ciyar da jikokinsa.